Baƙo a Karofin Matamaye

Juma'a, 8 ga Muharram, 1330

Alhamdu lillahi! Yau na ji labarin da ya fi mini cinikin kasuwa daɗi. Nasara ya kafa rumfa a hanyar Ɗan Barto, kusa da inda ƙasar Faransa ta ƙare ta Ingilishi ta fara, ya ajiye gardi a bakinta. Duwan suke ce mata. Duk kayan da ya fito daga kudu sai an kwance shi, an biya fito, kafin ya shigo Matamaye. Illa, maƙwabcina a karofi, shi ya kawo labarin, da gudu, har igiyar takalminsa ta tsinke.

Abu ɗaya na tambaye shi: har da rinannen zane? Ya ce har da shi.

To, Aƙilu, ranarka ta zo! Tun kaka mutumin nan ya sauka garinmu daga Kura ta ƙasar Kano, da jakuna ɗauke da turkuɗi mai ƙyalli, wanda in rana ta doke shi sai ka kau da ido. Buzayen da tun zamanin ubana ba sa wuce karofinmu, bana sai su miƙe rumfarsa su sayi rawani, sa'an nan su biyo ta wajena su gaishe ni. Gaisuwa kuwa ba ta cika rumbu.

Na shiga gida ina faɗa wa matata Baiwa, tana kaɗi ko kai ba ta ɗaga ba. Sai da na gama ta ce, “Malam, goron nan da ke bakinka, a ƙasar nan ake nomansa, ko shi ma daga kudu yake zuwa?” Mata ba su san sha'anin ciniki ba.

Asabar, 9 ga Muharram

Yini guda ina motsa rijiya ina waƙa. Illa ya ce tun ranar aurena bai ji muryata haka ba.

Talata, 12 ga Muharram

Mun taru, mu marinan gari, a ƙarƙashin tsamiyar karofi bayan azahar. Ni aka ɗora wa magana, wai don ni ne na yi karatu kuma ba na in'ina gaban manya. Ban ƙi ba. Gaskiya ma na so.

Roƙo biyu za mu kai wa Nasara. Na farko, farin zane, sawaye da akoko, wanda muke sayowa daga kudu don mu rina, a bar mana shi ya shigo ba fito. Masaƙan garinmu ba sa iya ƙosar da rijiyoyinmu. Na biyu, Aƙilu mutumin ƙasar Ingilishi ne, a ninka masa kuɗin kasuwa, ya ji a jikinsa ya koma inda ya fito.

Ni na tsara na biyun. Da na faɗa, har tafi aka yi.

Alhamis, 21 ga Muharram

Mun je! Mun je kuma mun samu!

Na sa baƙar rigar ubana, wadda ya rina da hannunsa. Ni da Illa da wasu dattawa. Nasaran yaro ne ashe, ja wur, yana zaune a inuwa yana fifita da hularsa. Malam Inusa tafinta yana tsaye gefensa.

Na ce farin zane shi ne hatsin marini. In an sa masa fito, rijiyoyi za su mutu, Buzaye su daina tsayawa a Matamaye, su wuce Kano kai tsaye da raƙumansu da gishirinsu. Da Malam Inusa ya juya masa maganar Buzaye, sai ya daina fifita. Ya kama hannun rigata ya murza, ya duba yatsansa, bai ga shuni ba. Ya yi wata magana yana dariya. Malam Inusa ya ce, “Ya ce rininku ba ya zuba.” Wallahi sai da na ji kaina ya taɓa rufin rumfar.

Sa'an nan ya ce ya yarda: farin zane ba fito.

Na buɗe baki zan kawo na biyun, sai ga wani ɗan aike a kan doki daga Damagaram, Nasara ya miƙe. Na kama Malam Inusa na raɗa masa maganar Aƙilu. Ya dube ni wani iri, ya ce, “Malam Sallau, ka riƙe wadda ka samu tukuna.” Ba komai. Wanda ya ba ka riga, hula ba za ta gagare shi ba.

A hanyar komawa yara na bin mu, matan unguwa suna guɗa. Ni, Sallau ɗan marini!

Juma'a, 22 ga Muharram

Na tura Illa kudu da jakuna ya sayo fari iyakar abin da za su iya ɗauka. Na sayar da bijimina don wannan.

Zan ta da rijiyoyin ubana biyu da suka daɗe a bushe. Na kira mai laso ya zo ya shafe su.

Laraba, 27 ga Muharram

Na je Yauri, ƙauyen nan kusa da mu, sayen baba, ganyen rini. Matan can sun ga ina saye da yawa sun ta da farashi. Na biya ina dariya. Sanyi na hana rijiya nuna da wuri, amma na ɗanɗana ta yau da harshe, ta fara kamawa.

Juma'a, 6 ga Safar

Inna lillahi.

Da hantsi ina bakin kasuwa sai ga jakunan Aƙilu suna shigowa, an labta musu kaya har kunnuwansu kaɗai ake gani. Na ce a raina, yau ka biya ka gode Allah. Wani ƙulli ya kwance, sai na ga fari. Fari fat! Na tambayi mai korar jakunan nawa aka karɓa a duwan. Ya ce ko wuri ba a karɓa ba, gardi ya duba ya ce su wuce.

Ban san lokacin da na isa wajen Malam Inusa ba. Yana cin tuwon safe, ya ce bismilla, na ce ba ci ya kawo ni ba. Na ce ni na roƙa, ni na tsaya gaban Nasara, ta yaya Bakano zai sha romon da ban dafa masa ba?

Ya wanke hannu a hankali, shi komai a hankali. Abin da na riƙe daga maganarsa:

Wai manyan Faransa da na Ingilishi sun yi alkawari a can ƙasarsu, a sha'anin ciniki ba za a bambanta mutumin wannan da mutumin wancan ba. “Fito a kan kaya yake, Malam, ba a goshin mai kaya ba.” Sauƙin da aka yi wa mutum ɗaya, daga ranar nan ya zama na kowa, ko bai roƙa ba, ko bai ma san an yi ba. Ya ce in ni na ɗauko turkuɗi daga Kura, zan biya daidai abin da Aƙilu ke biya, kasancewata ɗan Matamaye ba zai rage mini komai ba.

Na ce to kuɗin kasuwa fa, a ninka masa. Ya girgiza kai. Wai kayan da ya riga ya shigo ya sauke abin da ke kansa, ya zama ɗan gari, ba a sake bin sa da wani kuɗi don a karya shi. Abin da na biya a rumfata shi Aƙilu zai biya a tasa.

Na ce wannan wane irin adalci ne, a daidaita ɗan gida da baƙo? Ya ce, “Kowa ɗan gida ne a wani wuri, kuma baƙo a wani.” Na tashi ban yi masa sallama ba.

Sai da na kai ƙofar gida na fahimci sauran. Me Aƙilu zai yi da farin zane? Rinanne ana biya, fari ba a biya. Ke nan nan zai rina. Nan, a Matamaye!

Asabar, 7 ga Safar

Ya sayi tsohuwar rijiyar marigayi Hasan daga magadansa. Wadda ke manne da tawa. Na so in kore shi daga kasuwa, na jawo shi cikin karofi.

Litinin, 9 ga Safar

Wannan ba zan manta da ita ba.

Ina tsugune ina tsamo zane, marina duk suna nan, sai ga shi da ƙullin goro a ganye. Ya durƙusa, don na girme shi, ya ce, “Malam Sallau, an ce kai ka tsaya gaban Nasara ka roƙa mana. Allah ya saka da alheri. Da ba don kai ba da bana na tattara na koma.”

Na duba fuskarsa ko ba'a yake yi. Babu. Da gaske yake, bawan Allah. Ashe ba wanda ya gaya masa roƙo na biyu.

Illa ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Dattawan da suka yi mini tafi kowa ya sunkuya yana duba rijiyarsa kamar an jefa zobe ciki.

Na karɓi goron. Me zan yi? Fari ne, manya, irin na Gwanja. Na ci ɗaya don kada a ce. Yana da daɗi, tir.

Juma'a, 20 ga Safar

Kasuwar yau ban taɓa ganin irinta ba! Labari ya bazu kudu cewa fari na shiga Matamaye kyauta. Masaƙa daga Daura, daga Kazaure, har wani daga Ɓaɓura, sun jibge sawaye kamar tudun gero. Farashi ya faɗi, na ƙara saye a kan wanda Illa ya kawo. Masu fura da masu tsire sun sayar har sun rasa na sayarwa. Masu masauki sun shimfiɗa tabarmi a zaure da waje.

Rijiyoyina duka sun nuna. Kumfa shuɗiya a sama, wari na tashi har unguwar mahauta. Na tsoma na farko, na ɗaga, kore shar, ina riƙe da shi a iska yana juyewa a hannuna har ya zama baƙi. Shekara nawa ina ganin wannan, har yau gabana sai ya faɗi don daɗi.

Abu ɗaya. Na wuce Manu masaƙi a bakin masallaci, na yi masa sallama, ya amsa a ciki-ciki ya kau da kai. Tare muka yi allo da shi.

Lahadi, 22 ga Safar

Baiwa ta dawo da zarenta ba a saya ba. Masaƙan gari sun ce ba sa saƙa, tunda farin kudu ya karya su. Ta ajiye kwandon a gabana ta ce, “An ce su ma za su je wajen Nasara. Wai a sa wa fari fito, a kare su daga marina.”

Daga marina! Daga ni ke nan.

Na ce ai kasuwa ta kowa ce. Ta dube ni. Na tafi alwala.

Laraba, 3 ga Rabi'ul Awwal

Ina satar kallon yadda Aƙilu ke aiki. Yana barbaɗa garin shuni a zane kafin a buga, shi ya sa ƙyalli. Amma yana zuba a jiki. Buzaye shi suke so, su ga fuska ta yi shuɗi. Ni ubana bai koya mini haka ba, kuma ba zan tambaya ba.

Shi kuwa bai jin kunya. Jiya ya leƙo ya ce wace toka nake sawa da baƙina ke zama haka. Na ce ta murhu.

Juma'a, 12 ga Rabi'ul Awwal

Mauludi. Gari cike, Buzaye sun iso za su koma Abzin.

Madugunsu ya zo karofi, ya ɗaga nawa, ya ɗaga na Aƙilu, ya murza duka a bayan hannunsa. Ya kwashe na Aƙilu kaf. Nawa ya ɗauki kaɗan, wai na matan gida.

Ɗakin baya cike yake da rinannen zane har rufi. Bijimina ne a wurin, da hatsin da ban saya ba. In damina ta same shi a nan, danshi ya kashe bugun, gara ta ƙarasa.

Ban je wajen karatun Mauludi ba. Na ce kaina ke ciwo.

Litinin, 15 ga Rabi'ul Awwal

Aƙilu ya same ni a bakin rijiya ba kowa. Ya yi ta kewaye-kewaye, sa'an nan ya ce in kai kayana Mai'aduwa ranar Lahadi. Wai matan ƙasar Daura ba ƙyalli suke nema ba, baƙin da za a wanke a sake wankewa bai koɗe ba suke nema, kuma irin nawa babu a can.

Mai'aduwa ƙasar Ingilishi ce. Na ce can ni mutumin Faransa ne, za su fige ni kamar kaza. Ya ce, “Ni an fige ni a nan?”

Ko so yake in bar masa karofi ya sake? Na gaya wa Baiwa zargina. Ta ce, “To ka zauna ka ci zanen da miya.”

Juma'a, 19 ga Rabi'ul Awwal

Gobe. Ni da Illa. Na ɗaure kaya na kwance na sake ɗaurewa. Ina jin tsoro, amma wani abu kuma na ja na, kamar ranar da aka fara tura ni kasuwa ni kaɗai.

Litinin, 22 ga Rabi'ul Awwal

Na dawo! Bari in rubuta tun ban manta ba.

Iyakar da ake ta faɗa, ashe wani ginshiƙi ne tsaye a gonar wani, akuya na sosa jiki da shi. Gero iri ɗaya a wannan gefe da wancan. Wata tsohuwa ta ba mu ruwa ta tambayi lafiyar mutanen Kance ta wajenmu, wai can ƙanwarta ke aure.

Mun kwana a hanya, muka shiga Mai'aduwa da hantsi. Ban gama shimfiɗa ba sai ga marinan garin sun kewaye ni. Na gane su tun daga nesa, hannu shuɗi har gwiwa. Babbansu, wani tsoho dogo mai haƙori ɗaya a gaba, ya kira wakilin sarkin kasuwa ya ce, “Wannan mutumin Faransa ne. A ninka masa, ya ji a jikinsa ya koma inda ya fito.”

Maganar da na tsara a kan Aƙilu ce. Ko kalma bai canja ba! Illa ya taka mini ƙafa.

Mutane suka taru. Na duba kayana, na duba hanyar gida, na ce shi ke nan, bijimi ya tafi. Wakilin ya tambaye ni daga ina. Na ce Matamaye. Ya ce, “Can da aka bar ɗan Kura ya kama rijiya?” Na ce nan. Ya ce masaƙansu sun dawo suna faɗa, a Matamaye abin da ɗan gari ya biya shi suka biya, ba wanda ya tambaye su ƙasar wa. Ya juya ga tsohon ya ce, “Baba, an gaya mana tun bara, alkawarin ɗaya ne nan da can. In muka ninka wa wannan yau, Juma'a mai zuwa a ninka wa 'ya'yanka a can. Ka yarda?”

Tsohon ya yi ta faɗa, wai ubansa ya haƙa rijiyoyin garin nan da farcensa. Na san abin da ke cin sa. Wallahi na san shi har cikin ƙashina. Aka karɓi abin da ake karɓa a wajen kowa, aka watse.

Sa'an nan mata suka zo. Wata ta ɗauki zane ta tofa masa yawu ta murza da ƙarfi, ta duba yatsa, ta ƙwala wa ƙawarta kira. Daga nan ban ƙara zama ba. Illa na miƙawa ina awo, wata na ja ta nan wata ta can, biyu har suka yi cacar baki a kan turmi ɗaya. Kafin la'asar tabarma kaɗai ta rage! Wani dillali ya riƙe ni sai na yi masa alkawarin dawowa bayan mako biyu.

Ina ɗaure jakuna sai ga tsohon nan shi kaɗai. Ya ɗauki wani ƙyallen da ya rage ya daɗe yana dubawa, ya shinshina. Ya ce, “Wace toka?” Na gaya masa gaskiya: ta karan gero, da katsin gindin rijiya na shekara biyu. Ban san abin da ya sa ba. Ya miƙo hannu muka gaisa, nawa da nasa ba a gane na wa ne.

A hanya na sayo wa Baiwa ƙwarya mai zane da ɗan turare. Na yi ta waƙa har Illa ya roƙe ni in yi shiru don jakuna.

Laraba, 24 ga Rabi'ul Awwal

Na je gidan Manu masaƙi. Ya bar ni tsaye a zaure. Na ce a Mai'aduwa na ga ana neman zanen luru mai kauri irin nasa ba a samu ba, kuma ba za a ninka masa ba, ni shaida ne. Ya ce ya ji. Bai ce in zauna ba.

Zaren Baiwa har yanzu yana cikin kwando. Wannan ban san maganinsa ba tukuna.

Lahadi, 28 ga Rabi'ul Awwal

An ce an ga Manu da asuba ya nufi kudu da jaki. Ban tambaya ba.

Juma'a, 3 ga Rabi'ul Sani

Zafi ya shigo, rijiyoyi na nuna da sauri, aiki ya fi hannu.

Da azahar wani Buzu da ya yi latti, 'yan'uwansa sun riga sun tafi, ya tsaya a kaina da raƙuminsa ya ce, “Ina rijiyar baƙon nan, Bakano?” Na ce masa nan karofin babu baƙo, in Aƙilu yake nema ga shi nan kusa da ni. Har na ƙara da cewa ya duba da kyau, ba zai sami ƙyalli irin wannan ba sai ya kai Kura.

Bakina ne ya riga ni. Rana ce, ta yi zafi.

Aƙilu ya ji. Bai ɗago ba, ya ci gaba da motsa rijiyarsa, amma na ga ya daɗe yana motsa wuri ɗaya.

Gobe da shi za mu Yauri sayen baba. Jakinsa ya fi nawa ƙarfi, dalilin ke nan.